Bayan PES ya dushe: Wane gem ne ya cancanci Musulmi ya zauna a kansa?

 

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a tsakanin samarinmu, har da magidantan da suka haura shekara talatin, wadda ba kasafai take isa gaban malamai ba, domin masu yin ta suna jin nauyin a ji ta daga bakinsu. Tambayar ita ce: tun da wasan ƙwallon PES ya dushe, wane gem ne mutum zai kama ya zauna a kansa? Wani mai karatu zai ce wannan ba maganar shafin addini ba ce. Mu kuwa muna ganin maganarsa ce. Abin da ake neman zaɓa zai ci wani yanki na kowace rana ta rayuwar mutum, zai taɓa aljihunsa, kuma zai riƙa cin karo da kiran salla. Wanda ya ba gem sa'a biyu kullum ya ba shi sa'a 730 a shekara, wato kwana 30 da 'yar ɗoriya, dare da rana ba barci. Tsawon watan azumi guda ke nan. Abin da za a miƙa wa wata guda a kowace shekara ya cancanci a zauna a auna shi.

Ga wanda bai san zancen ba, ga asalinsa. Bayan fitowar na'urar PlayStation 2 a shekarar 2000, gidajen gem suka bazu a unguwannin Kano da Kaduna da Zariya da Jos: shago ɗaya, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, da ƙaramin janareta yana kuka a bakin ƙofa. Sarkin waɗannan shaguna shi ne wasan ƙwallon kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda ake kira Winning Eleven a can, a Turai kuma Pro Evolution Soccer, PES a taƙaice. Duk wanda ya zauna a kan waɗancan bencina ya san bugun Adriano na PES 6. Ya san Master League, inda ake ba ka ƙungiyar raunanan 'yan wasa na ƙirƙira, su Castolo da Minanda, ka yi ta fama da su kaka bayan kaka har ka tara abin sayen gwanaye. Yara sun girma a kan wannan wasa, sun yi aure, sun sayi tasu na'urar, suna bin sa shekara bayan shekara.

A ranar 30 ga Satumba, 2021, Konami ya ajiye sunan PES ya fito da eFootball, wanda ake saukewa kyauta. Ya fito a gurguje: fuskokin 'yan wasa a karkace, ƙungiyoyi 'yan kaɗan, babu Master League, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An gyara abubuwa da yawa daga baya, kuma a wayar hannu ya samu karɓuwa ƙwarai, amma tsofaffin masoyansa sun san cewa wani abu ne dabam aka sa wa tsohuwar riga. Abokin hamayyarsa ma bai tsira da sunansa ba. Kamfanin EA na Amurka ya rabu da hukumar FIFA bayan kusan shekara 30 suna tare, daga 2023 wasan ya koma EA Sports FC. Daga nan jama'a suka shiga gararamba. Wannan ya gwada PUBG, wancan Free Fire, wani Call of Duty na waya, kowa ya yi wata uku ko shida ya gundura ya sake sauke wani. A 2024 har Hamster Kombat ta ɗebi rabonta, lokacin da kasuwa da ofis da motar haya suka cika da masu dangwalar fuskar waya, kafin rabon watan Satumba ya zo wa mafi yawansu da abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba.

Kafin mu shiga batun zaɓi, sai mun amsa wa masu cewa a rufe babin gaba ɗaya, gem haramun ne, a wuce wurin. Ba mu tare da su. Asalin al'adu da wasanni halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) har sau biyu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci. Da Hanzala (RA) ya zo yana tuhumar kansa da munafunci, saboda idan ya koma cikin iyali da dukiya zuciyarsa takan sassauta daga halin da take ciki a majalisar Annabi, sai aka kwantar masa da hankali cewa kowane hali yana da lokacinsa. Ban da haka, haramta komai a dunƙule yana da wata illa da muke gani da idonmu: saurayin da aka ce masa duk haramun ne ba ya daina bugawa, tambaya yake dainawa. Daga ranar ba zai ƙara bambance wasan da ke da caca a ciki da wanda babu ba, tunda an riga an zuba masa su a kwando ɗaya.

Sai dai kada sauƙin nan ya sa mu manta cewa mazhabar da muka tashi a cikinta tana da tsanani a babin wasannin zama. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya ƙi wasan shaɗaranji, wato ches, bai ga alheri a cikinsa ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala da ake karantawa a kowane zauren ilimi na ƙasar Hausa, ya hana wasa da nardu da shaɗaranji. Shafi'awa sun sassauta, suka tsaya a kan karhanci matuƙar babu kuɗi a tsakani, babu jinkirta salla, babu zage-zage. Saɓanin ya haura shekara dubu, ba mu za mu yanke shi a shafin jarida ba. Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne abin da ɓangarorin biyu suke tsoro, kuma aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta bayyana shi a zancen giya da caca: jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Malaman da suka tsananta sun ga shaɗaranji yana kai mutane can. Waɗanda suka sassauta sun ce ana iya yin sa ba a kai can ba. To mu ɗauki wannan ma'auni mu ɗora gem na yau a kai.

A nan ne muke ganin mai neman gem mai ɗorewa yake buƙatar ya tsaya ya sake duba kalmar da yake amfani da ita, domin ɗorewa ta canza ma'ana. Tsohon gem faifai ne. Ka saya, kamfani ya karɓi kuɗinsa, ciniki ya ƙare. Daga nan ba ruwan kamfani ko ka buga sa'a goma ko ka jefa shi ƙarƙashin gado. Idan ka koma masa shekara biyar, daɗinsa ne ya mayar da kai. Gem na yau kyauta ake ba ka, kuma mai shi ba zai ga ko kwabo ba sai idan ka dawo gobe da jibi da gata, har ranar da za ka buɗe aljihu. Saboda haka dawowar taka ita ce hajar, kuma an gina komai a kanta. Akwai kyautar shiga ta kullum, wadda idan ka tsallake rana ɗaya lissafinta ya lalace. Akwai tikitin kaka, irin Royale Pass na PUBG, wanda kake saya da kuɗi sannan a ba ka wa'adi ka kammala ayyukansa ko ladarsa ta wuce ka. Akwai agogon gini irin na Clash of Clans, da zai sa mutum ya farka cikin dare ya duba ko an gama. Akwai gasar ƙarshen mako ta EA Sports FC, mai adadin wasannin da dole a buga kafin a rufe. Sannan wayar da kanta tana kiran ka, tana sanar da kai cewa wata garaɓasa za ta ƙare nan da sa'a uku.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kamfanonin nan ba su san karin maganar ba, amma sun san aikinta, kuma suna biyan ƙwararru albashi domin su kafa turken da kyau. Don haka idan aboki ya ce maka ya samu wanda ya riƙe shi shekara uku bai tsallake rana ba, kada ka yi saurin saukewa. Tambaye shi, daɗi ne yake mayar da shi ko tsoron asara? Gwajin mai sauƙi ne. Mutum ya ajiye gem ɗin mako guda. Idan ya dawo ya tarar da komai yadda ya bar shi, wasa ne. Idan ya tarar an hukunta shi a kan rashin zuwa, matsayinsa ya faɗi, ladarsa ta ƙone, abokan tawaga suna fushi, to aiki ya ɗauka wanda ba a biyan sa, shi ne ma yake biya.

Ba masu wa'azi kaɗai suke faɗin wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem a cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a 2022, kuma alamomin da ta lissafa su ne kasa sarrafa kai, da fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ana ganin ɓarnarsa, yawanci har tsawon shekara. Ƙasar Sin, wadda kamfaninta Tencent yake cikin manyan masu cin ribar wannan kasuwa a duniya, ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi tun daga 2021. Masu dafa abincin ke nan suke auna wa 'ya'yansu da cokali.

Ga Musulmi, wurin da turken yake fara nuna kansa shi ne salla, musamman magariba. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san ƙuncin zaɓaɓɓen lokacinta a mazhabarmu: gwargwadon abin da mutum zai yi tsarki ya sallace ta. Kuma daidai lokacin ne aka taso daga kasuwa da makaranta, aka zauna hutawa. PES na gidan gem yana da maɓallin dakatarwa. Ladan ya kira, a danna, a ajiye hannun gem a kan benci, a je a dawo a tarar da ƙwallo a inda aka bar ta. Wasan PUBG kuwa mutum 100 ne a fili ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam, yana iya kai rabin sa'a, kuma ba wanda zai tsaya domin an kira salla a Fagge. Wanda ya fita ya bar abokansa uku a cikin wuta. A ƙwallon intanet ma wanda ya fita a tsakiyar wasa an rubuta masa an ci shi. Mun san amsar da ake bayarwa: ai sai mutum ya duba agogo kafin ya fara. Gaskiya ne, kuma akwai masu yin hakan, Allah Ya ƙara musu. Amma wasan da yake sanya farashi a kan amsa kiran salla, komai ƙanƙantar farashin, kullum yana gefe ɗaya na sikeli yana dannawa, kuma shekara tana da magariba 365.

Haka zancen yake game da iyali. Salmanul Farisi (RA) ya tarar da ɗan uwansa Abud Darda'i (RA) ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har matarsa ta bar kwalliya, sai ya tunatar da shi cewa iyalinsa da jikinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Idan an rage wa mai nafila nafilarsa saboda haƙƙin matarsa, ina ga magidancin da ya shigo gida ƙarfe goma, ya toshe kunnuwa, yana ihu da wasu ƙarti na wata ƙasa har ƙarfe biyun dare?

Sai batun kuɗi, wanda a ganinmu shi ne mafi hatsari domin ba ya kama da abin da yake. Kowa ya san shagon caca idan ya gan shi, Hisbah ma ta san shi, ta rufe da dama a Kano. Amma a cikin gem caca tana zuwa da rigar ƙwallo. A sashen Ultimate Team, wanda EA ya shigo da shi tun 2009, mutum yana sayen maki da kuɗin gaske, ya sayi ƙunshin katunan 'yan wasa da bai san waɗanda ke ciki ba. A buɗe masa da walƙiya da kiɗa, ko ya dace da gwani ko ya tashi da tarkace. A eFootball ma akwai irin wannan: ka sayi tsabar gem, ka jefa, ka jira wanda zai fito. A wasannin harbi kuma akwatunan tufafi da fentin bindiga ne. A shekarar kuɗi ta 2021, Ultimate Team kaɗai ya kawo wa EA kimanin dala biliyan 1.6 a wasanninsa, fiye da rubu'in duk abin da kamfanin ya samu. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ƙunshi caca ne, har EA ya daina sayar da makin a ƙasar a farkon 2019. A Holan kuwa babbar kotu ta soke tarar da aka ci kamfanin a 2022. Turawan ma ke nan ba su daidaita ba.

Hujjar kamfanonin ita ce, mai saye ba ya tashi hannu rabbana, kullum yana samun wani abu, don haka ba caca ba ce. Wannan hujja ba ta tsayawa a fiƙihunmu. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari da cinikin tsakuwa. Ɗaya daga fassarorin da malamai suka yi wa cinikin tsakuwa shi ne, mai saye ya biya kuɗi ya jefa tsakuwa a kan tufafin da aka shimfiɗa, wanda ta faɗa a kai shi ne nasa. Shi ma ai ba ya tashi hannu rabbana. Abin da ya ɓata cinikin shi ne ya biya sananne ya karɓi abin da sa'a ta zaɓa masa, mai tsada ko na banza. Mun kasa ganin bambanci tsakanin wannan tsakuwa da yatsan da ke danna ƙunshi, sai dai ita tsakuwar ba a yi mata kiɗa. Sayen abu sananne a farashi sananne, kamar riga kaza a kuɗi kaza, hukuncinsa dabam ne. Can maganar almubazzaranci ce, gwargwadon halin mai saye.

A watan Satumba na 2025 an sanar da yarjejeniyar sayen EA a kan dala biliyan 55, kuma asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya yana cikin masu sayen. Muna ambaton wannan ne domin kada gobe wani ya kafa hujja da shi. Hukuncin ciniki yana bin siffar cinikin, ba ya bin fasfon mai kamfani.

Adalci kuma ya sa mu faɗi cewa zamanin PES ba zamanin waliyyai ba ne. A gidajen gem da yawa ƙa'idar ita ce wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan. Mutum biyu sun zauna, kowannensu yana tsakanin ya ci riba ko ya yi asara gwargwadon sakamako: wannan ita ce siffar caca, ko da naira 20 ce. An yi faɗa a kan benci, an yi ashar, an gudu daga Islamiyya, an karkatar da kuɗin cefane. Bambancin shi ne, waccan ɓarna mutane ne suka shigo da ita, kuma suna iya fitar da ita da magana ɗaya: a raba kuɗin biyu, ko ɗaya ya biya don ransa tun kafin a fara. Ta yau kuwa a cikin ginin take, kamar siminti.

Akwai kuma tambayar da masu neman ɗorewa ba su cika yi ba: shin abin naka ne? A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan tseren motoci mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014. Daga ranar, har wanda ya sayi faifan da kuɗinsa ba ya iya buɗe shi. Abin ya tayar da ƙura har aka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai ana neman doka. Duk gem ɗin da ba ya tashi sai da intanet, ransa yana hannun wani, kuma duk abin da ka tara a ciki, na kuɗi da na lokaci, aro ne. Faifan PES 6 kuwa, idan bai karce ba kuma an kawo wuta, yau ma zai tashi.

Wasan intanet yana kuma canzawa a ƙarƙashin mai shi. A 2020 PUBG na waya ya shigo da wani sabon salo wanda ɗan wasa yake zuwa gaban wani gunki ya yi masa alamar bauta domin ya samu ƙarin lafiya da kayan yaƙi. Musulmi suka yi ca, kamfanin ya cire shi ya ba da haƙuri. Tun kafin nan, a 2019, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta riga ta ba da fatawar haramta wasan saboda abin da ta gani na tasirinsa a kan matasa. Ba muna ɗauko fatawar wata ƙasa mu shimfiɗa wa kowa ba ne. Abin lura shi ne, uban da ya zauna ya duba gem ya amince wa ɗansa a watan Muharram, ba shi da tabbacin cewa shi ne yaron yake bugawa a watan Rajab.

Muna kuma zargin cewa da yawa daga masu gararambar nan ba gem suke nema ba. Abin da ya dushe musu shi ne bencin: abokai shida a ɗaki ɗaya, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna, ana tsokana ana dariya, in an kira salla a fita tare. Aure da aiki da tafiye-tafiye suka watsa majalisar a daidai lokacin da Konami ya canza wasan, sai aka ɗora wa kamfani laifin duka. Shi ya sa mutum zai sauke wasa goma a shekara, kowanne ya fi PES 6 kyan hoto nesa ba kusa ba, amma ya ji babu gishiri. Yana bugawa shi kaɗai a kan gado da baƙin da ba zai taɓa gaisawa da su ba. Wanda wannan ne ciwonsa, maganinsa ya nemo mutum uku daga tsofaffin abokai, a tsayar da yammacin Asabar bayan la'asar a gidan ɗaya daga ciki, a tashi da kiran magariba. Kowane wasan ƙwallo aka saka zai yi daɗi, kuma an haɗa da ziyara.

Idan aka matsa mana sai mun ambaci suna, za mu ce mai son ƙwallo bai rasa komai ba. PES 2021, na ƙarshe da ya ɗauki sunan, yana nan da Master League ɗinsa, ba ya buƙatar intanet, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya koma EA Sports FC yana iya tsayawa a wasan abokai da sashen horar da ƙungiya, ya bar Ultimate Team ko leƙawa kada ya yi. Mai eFootball a waya yana iya buga wa da abokinsa ba tare da ya sayi tsaba ba, ko da yake za a yi ta yi masa tayi har ya gaji. Mai kwamfuta da ke son wasan tunani yana da Age of Empires II, wanda ya fito tun 1999, aka sabunta shi a 2019, kuma har yau ana buga shi. Wannan ita ce ɗorewa ta asali, shekara fiye da 25 ba tare da kyautar shiga ta kullum ba. A ɗan uwansa Age of Empires III an ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake zaɓa a 2021, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, haka kuma Civilization VII na 2025 ya sanya ta cikin shugabanninsa. Sai dai jerin Civilization yana da sashen da ɗan wasa yake kafa addini ya yaɗa shi kamar haja, wanda zuciyar mumini ba za ta sake da shi ba, kuma ya shahara da cinye dare. Ga yara, Minecraft na gine-gine ya fi wasannin harbi nesa, idan an rufe musu hira da baƙi. Kiɗan da ke cikin mafi yawan waɗannan ana iya kashe shi a wurin saiti. Irin su GTA kuwa, waɗanda fashi da kisa da alfasha su ne tuwon ba miyar ba, ba sa buƙatar dogon bincike.

Saura wata mas'ala da muke so a kai wa malamai, domin mutane da yawa da suka bar ƙwallon gem sun koma ludo a waya suna ganin sun fake a inuwa. Nardu wasa ne da ake jefa ƙwayar lamba a cikinsa, kuma hani a kansa ya fi na shaɗaranji ƙarfi nesa, domin nassi ne: Muslim ya ruwaito daga Buraida (RA) hadisin da ya kamanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa, Malik kuma ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa saɓa wa Allah da Manzonsa ne. Jumhurun malamai sun haramta shi ko da babu kuɗi a tsakani. Malaman zamani da yawa sun riskar da ludo da shi saboda ƙwayar da ake jefawa, wasu kuma sun taƙaita hanin ga nardu kansa ko ga inda aka sa kuɗi. Darar gargajiya tamu, mai gurbi 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, babu jifa a cikinta, lissafi ne tsantsa, don haka ta fi kusa da babin shaɗaranji da saɓanin da ke cikinsa. Ke nan ta fuskar nassi, ludon da ake ɗauka wasan mata da yara ya fi ƙwallon PES buƙatar fatawa, kuma mu abin da ya fi kwanta mana shi ne a bar shi. Allah ne Mafi sani.